Ganyen Taba da Ya Tona Asirin Bairos

A shekarar 1879 manoman taba na yankin Wageningen a ƙasar Holan suka kai kukansu wurin wani Bajamushe mai suna Adolf Mayer, shugaban tashar gwajin aikin gona ta garin. Tabarsu ce ke lalacewa a tsaye. Ganyen da ya kamata ya fito kore shar sai ya fito dabbare-dabbare, nan kore mai duhu, can fatsi-fatsi, ya yamutse, shukar kuma ta tsumbure. Irin wannan ganye ba mai saye. Manoman dai so suke a ba su magani su koma gona. Ba su samu ba. Amma daga wannan kuka nasu aka kama wata hanya da ta ɗauki fiye da shekara ɗari kafin a kai ƙarshenta, aka kuma san yadda jikin bairos yake.

Mayer masanin sinadarai ne, saboda haka da ƙasa ya fara. Ya auna ƙasar gonakin, ya duba taki, ya duba zafi da haske, bai ga bambanci tsakanin gona mai ciwo da mai lafiya ba. Daga nan ya yi abin da ya buɗe ƙofa: ya daka ganye mai ciwo, ya matse ruwansa, ya ɗura shi cikin shuka mai lafiya da wani siririn bututun gilashi. Bayan 'yan kwanaki sababbin ganyen da suka toho suka fito da dabbaren. Ashe ciwon ɗauka ake yi. A 1886 ya wallafa bincikensa, ya kuma raɗa wa ciwon sunan da har yau ake kiransa da shi, wato mozayik, saboda kamarsa da daɓen da ake yi wa ado da gutsattsarin tangaran kala-kala.

Zamanin kuwa na bakteriya ne. Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ba da jimawa ba ya bi da ta kwalara. Duk wanda ya ga cuta mai yaɗuwa a lokacin, bakteriya yake nema. Mayer ya nema a madubin ƙara girma, ya nema a kwanon rainon ƙwayoyi, bai ga komai ba. Duk da haka ya rubuta cewa bakteriya ce, sai dai ba a kai ga ganinta ba tukuna. Ba zan ga laifinsa ba. Mutum da abin da ya sani yake auna abin da bai sani ba.

Akwai wani mataci da Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur, ya ƙirƙiro a 1884. Da tangaran marar sheƙi aka yi shi, siffarsa kamar kyandir, ramukansa kuma sun yi ƙanƙantar da bakteriya ba ta iya ratsawa. Duk ruwan da ya bi ta cikinsa ana ɗaukarsa tsarkakakke. A 1892 wani matashin masanin tsirrai ɗan Rasha, Dmitri Ivanovsky, wanda ya yi nazarin gonakin taba a Kirimiya, ya gaya wa majalisar masana kimiyya ta birnin St. Petersburg cewa ya tace ruwan ganye mai ciwo da wannan mataci, kuma ruwan ya fito da ciwonsa bai rage komai ba. Shi kansa abin bai kwanta masa ba. Ya yi zaton ko wata guba ce bakteriyar ke zubarwa, ko kuma matacin ne ya yi tsaga.

Bayan shekara shida, Martinus Beijerinck na garin Delft, wanda ya taɓa zama a Wageningen ya kuma san aikin Mayer, ya maimaita tacewar ya samu abu ɗaya. Shi bai tsaya nan ba. Ya zuba ruwan a kan wani daskararren abu mai kama da agidi da ake kira aga, ya bar shi kwanaki, sannan ya kankare saman ya ɗebo daga can ciki. Na cikin ma ya sa wa shuka ciwo. Ya kuma lura cewa abin ba ya ƙaruwa a kwalba ko a kwano, sai a jikin shuka mai rai, a inda take tofo. Idan aka ɗauka daga shuka ta farko zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku, ƙarfinsa ba ya raguwa, alhali guba da an yi ta sirka ta sai ta salance. Sai ya yanke cewa wannan wani sabon abu ne, ruwa mai rai mai yaɗa cuta, ya kuma kira shi da tsohuwar kalmar Latin mai ma'anar dafi, wadda ita ce muke cewa bairos.

Abin dariyar shi ne kowannensu rabin gaskiya ya kama. Beijerinck ya gane sabon abu ne, amma ya ce ruwa ne, ba shi da jiki. Ivanovsky ya dage cewa yana da jiki, ƙwaya ce, amma ya ci gaba da kallonsa a matsayin ƙaramar bakteriya. Da za a haɗa rabin wannan da rabin wancan da an huta tun 1898.

A wannan shekarar ce kuma Friedrich Loeffler da Paul Frosch a Jamus suka nuna cewa abin da ke kawo ciwon baki da kofato na shanu shi ma yana ratsa mataci. A 1901 tawagar Walter Reed ta nuna haka game da shawara a Kuba. A 1902 aka nuna game da bushiya, annobar nan da ta share garkunan shanu daga gabashin Afirka har zuwa ƙasar Hausa a farkon shekarun 1890. Jerin ya yi ta tsawo, amma kusan shekara arba'in ba wanda ya iya cewa ga kamar abin. Da abin da ba ya yi aka san shi: mataci ba ya tare shi, madubi ba ya nuna shi, kwano ba ya raino shi. Rashin ganin ma ba laifin masu ƙera madubi ba ne. Hasken da ido ke gani ba ya iya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200 ko kusa da haka, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Kaurin bairos ɗin taba nanomita 18 ne.

Wani ɗan ƙaramin aiki da ba a cika ambato ba shi ya share fage. A 1929 Francis Holmes a Amurka ya lura cewa akwai wata 'yar'uwar taba wadda idan aka shafa mata ruwan ciwon, maimakon ya game jikinta sai ya tsaya ɗigo-ɗigo a ganye. Yawan ɗigon na bin yawan bairos ɗin. Daga ranar mai bincike na iya ƙirga abin da ba ya gani. Wendell Stanley, matashin masanin sinadarai a reshen Cibiyar Rockefeller da ke Princeton, da wannan ma'auni ya yi aiki. Ya niƙa ganyen taba tuli guda, ya yi ta tacewa yana ware wannan daga wancan da gishirin sinadarai, kowane mataki yana shafawa a ganye ya ƙirga ɗigo don ya san inda ciwon ya bi. A 1935 ya wayi gari da wasu ƙananan allurai masu ƙyalli a gindin kwalba, sun daskare da tsari irin na gishiri ko sukari. Ka ajiye su a kan kanta su zauna shiru. Ka narkar da su a ruwa ka shafa wa taba, ciwo ya tashi, su kuma su hayayyafa.

Jaridu suka ɗauka, don abin ya taɓa wata tsohuwar tambaya. Abin da ake iya zubawa a kwalba kamar kanwa, kuma ya haihu, mai rai ne ko marar rai? Stanley ya ce furotin ne zalla. A nan ya yi tuntuɓe. Shekara ɗaya bayan haka wasu Turawan Ingila biyu, Frederick Bawden da Norman Pirie, suka sake aikin a tsanake, suka tarar da sinadarin fosfaras a ciki, wanda ya kai su ga cewa kimanin kashi 5 cikin ɗari na bairos ɗin RNA ne, ɗan'uwan DNA. Wannan ɗan kashi biyar da Stanley ya tsallake, daga baya aka gane shi ne bairos ɗin kansa, sauran duk riga ce. Lambar Nobel ta 1946 dai Stanley aka ba, tare da John Northrop da James Sumner. Bawden da Pirie ba su samu ba.

Su biyun nan suna da wata dabara mai ban sha'awa. Don su nuna cewa ƙwayoyin dogaye ne kamar sanda, sai suka saki ɗan kifin ado cikin ruwan da aka sirka da bairos, suka haska shi ta tsakanin wasu gilasai biyu masu tace haske. Duk inda kifin ya kaɗa wutsiya, sandunan sai su jeru su bi ruwan, sai a ga sawunsa yana walƙiya cikin duhu. A 1939 aka daina hasashe. A Balin, Gustav Kausche da Edgar Pfankuch da Helmut Ruska suka ɗauki hoton bairos ɗin taba da sabon madubi mai aiki da ilektiron maimakon haske, wanda yayan Helmut, wato Ernst Ruska, yake cikin waɗanda suka ƙirƙiro. Sanduna ne kuwa, siraran gaske. Shekara 41 bayan Beijerinck ya ce ruwa ne.

Ganin sanda daga waje daban, sanin yadda aka gina ta daban. Nan ne hasken eksire ya shigo, amma ba irin amfanin da ake yi da shi a asibiti don duba karaya ba. Idan aka harba siririn hasken a kan abu mai tsari, ƙwayoyin zarra da ke ciki sukan warwatsa shi, ya faɗi a kan fim ɗigo-ɗigo da layi-layi. Ɗigon ba hoton abin ba ne. Sawunsa ne, kuma aikin mai bincike irin na maharbi ne da zai dubi sawu a ƙasa ya faɗa maka girman naman da inda ya dosa. Bambancin kawai shi ne wannan bin sawun da lissafi ake yinsa, lissafi mai yawan gaske, a lokacin da kwamfuta ba ta zama kayan aikin kowa ba. J. D. Bernal da Isidor Fankuchen sun fara wannan aiki a kan bairos ɗin taba, suka wallafa dogon rahoto a 1941 da ke nuna cewa sandar an gina ta ne da ƙananan gaɓoɓi masu maimaita kansu. Yaƙin duniya ya katse su. James Watson, kafin shi da Francis Crick su yi suna da DNA, ya ɗan taɓa aikin a Kambirij, ya kuma ce gaɓoɓin a murɗe suke jere kamar matakalar hasumiya. Ya yi daidai a kan murɗewar, adadin ne bai samu ba.

Wadda ta zauna ta warware abin ita ce Rosalind Franklin. Yawancin mutane a yau da DNA suka san ta, da hoton nan nata da Watson ya gani ba da saninta ba. A ganina wannan ya rage mata, domin shekara biyu kawai ta yi a kan DNA, cikin ɓacin rai, alhali shekara biyar ɗin da ta yi a kan bairos su ne lokacin da take jagorar tawagarta, take zaɓen tambayarta da kanta. A watan Maris na 1953 ta bar King's College ta koma Kwalejin Birkbeck a Landan, ƙarƙashin Bernal. Ɗakunan binciken a wasu tsofaffin gidajen zama suke a Torrington Square, waɗanda yaƙi ya jijjiga, ita kuma aka ba ta can saman bene. A nan ta haɗu da Aaron Klug, haifaffen Lituweniya da ya tashi a Durban ta Afirka ta Kudu, sannan ɗalibai biyu suka shigo, John Finch da Kenneth Holmes.

Gwanintarta a hannu take kafin a zo ga lissafi. Bairos ɗin taba ba ya yin cikakken daskarewa mai tsari ta kowace fuska, sai dai a lallaɓa sandunan su kwanta gefe da gefe cikin siririn bututu kamar tsintsiya a ɗaure. Iya kyan jeruwarsu, iya kyan hoton. Franklin ta fitar da hotunan da ba a taɓa samun irinsu ba. A 1955 ta wallafa cewa sandunan duk tsawonsu ɗaya, nanomita 300, kuma gaɓoɓin furotin ɗin iri ɗaya ne. Pirie, wanda a lokacin babba ne mai faɗa a ji a harkar bairos ɗin tsirrai, bai yarda ba, ya kuma nuna mata hakan ba tare da sakaya ba. Ita ce ke da gaskiya.

Saura tambayar da ta fi kowacce: ina RNA ɗin yake? Hankali zai ce a tsakiya, kamar lagwani a cikin kyandir. Wani matashi Ba'amurke, Donald Caspar, ya auna nauyin sandar daga tsakiya zuwa baki, ya tarar tsakiyar rami ne fayau. Franklin kuma ta samo daga wurin Gerhard Schramm na Tübingen wasu sanduna da aka haɗa da furotin kaɗai, ba RNA a ciki, ta gwada sawunsu da na cikakken bairos. Inda suka bambanta, nan RNA yake: nanomita 4 daga tsakiya, a binne cikin furotin, yana bin murɗewar matakalar. A 1956 rahotanninsu biyu suka fito a jere a mujallar Nature. Daga baya, da taimakon bairos da aka liƙa wa ƙwayar zaiba a matsayin alama, ita da Holmes suka tabbatar cewa gaɓoɓi 49 ne a kowane zagaye uku.

Mai karatu ya ɗauki zangarniyar gero a zuciyarsa, doguwa, ƙwayoyi sun yi mata cunkus. A zare karan tsakiyar a bar rami, a jera ƙwayoyin a murɗe suna hawa, sannan a ratsa zare guda ɗaya ta cikinsu tun daga gindi har kai. Ƙwayoyin su ne furotin, kimanin 2,130. Zaren shi ne RNA, mai haruffa kusan 6,400. Tsawon zaren shi ke yanke tsawon sandar, shi ya sa duk suka zo daidai wa daida.

An gayyaci Franklin ta gina babban samfurin wannan sanda don baje kolin duniya na birnin Brussels. A gwajin farko, ƙwallayen tebur da robobin hannun keke aka yi amfani da su a madadin gaɓoɓin. Samfurin da aka kai ya kai tsayin ƙafa biyar. An buɗe bajen ranar 17 ga Afrilu, 1958. Ita kuwa ta rasu ranar 16, sankarar ƙwan mahaifa ta ɗauke ta tana da shekara 37. Tun 1956 take fama da ciwon, tana fita asibiti tana komawa saman benen.

Me ya sa bairos ya zaɓi wannan gini? Amsar da Crick da Watson suka bayar a 1956 ita ce ta fi burge ni a duk labarin, don amsa ce ta talauci. Saƙon gadon ƙaramin bairos gajere ne ƙwarai. Ba shi da wurin da zai rubuta bayanin babbar riga mai sassa dubu daban-daban. Abin da zai iya shi ne ya rubuta bayanin tubali ɗaya, ƙarami, sannan tantanin halittar da ya shiga ya yi ta buga masa irinsa. Na bairos ɗin taba sarƙa ce mai ɗiya 158 kacal. To tubali iri ɗaya, idan kowanne zai zauna da maƙwabtansa kamar yadda ɗan'uwansa ya zauna, gini iri biyu kawai yake iya bayarwa: ko matakala mai murɗewa, wato sanda, ko kuma rufaffen ƙoƙo mai daidaitattun fuskoki.

Kuma ginin ba ya bukatar magini. A 1955 Heinz Fraenkel-Conrat da Robley Williams a Berkeley suka raba bairos ɗin gida biyu, furotin a kwalba ɗaya, RNA a ɗaya, sannan suka sake haɗa su. Sanduna suka haɗa kansu da kansu, suka kuma sa wa taba ciwo. Shekara ɗaya bayan haka Alfred Gierer da Schramm suka nuna cewa RNA tsirararsa, ba riga, yana iya kawo ciwon. Da aka ɗauki rigar wani iri aka sa wa RNA na wani irin, 'ya'yan da aka samu mai RNA suka biyo, har da irin rigarsa. Maganar kashi biyar ɗin Bawden da Pirie ta tabbata ke nan.

Ƙoƙon kuwa shi ne siffar da yawa daga cikin bairos ɗin da ke damun mutane. Kafin rasuwarta Franklin ta riga ta juya ga na shan inna, wanda masu bincike a Berkeley suka samu daskarar da shi a 1955. Finch da Klug suka ƙarasa, suka wallafa a 1959 cewa ƙoƙo ne mai fuska 20, kowace fuska mai kusurwa uku, da tsini 12. A irin wannan gini tubali 60 ne ke iya zama daidai wa daida. Matsalar ita ce akwai bairos da yawa masu tubali 180, ko 240, ko fiye. A 1962 Caspar da Klug suka kawo mafita, bayan sun yi nazarin rumfunan ƙarfe masu kama da ƙwarya a kife da Ba'amurken nan Buckminster Fuller ke zanawa. Suka ce ba dole zaman kowane tubali ya zama daidai ɗari bisa ɗari ba, kusan daidai ma ya isa. Wasu su taru biyar-biyar a tsini, sauran su taru shida-shida a fili. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar ƙwallon ƙafa mai baƙi da fari ya riƙe wannan lissafi a hannunsa: baƙaƙe 12 masu gefe biyar, farare 20 masu gefe shida. Klug ya karɓi lambar Nobel a 1982, shi kaɗai, ya kuma ambaci Franklin a jawabinsa.

Daga nan labarin ya koma na injuna, zan kuma bi shi da sauri. A 1978 Stephen Harrison na Harvard ya fitar da siffar wani bairos ɗin tumatir har zuwa matakin ƙwayar zarra, karo na farko ga kowane bairos. A 1985 tawagar Michael Rossmann ta yi wa bairos ɗin mura haka, ta James Hogle kuma ta yi wa na shan inna. Shi kansa bairos ɗin taba, da aka fara da shi, sai a ƙarshen shekarun 1980 Keiichi Namba da Gerald Stubbs suka kai shi wannan mataki, shekara ɗari da 'yan kai bayan kukan manoman Wageningen.

Sai wata sabuwar matsala ta taso, wadda ba ta madubi ba ce. Siffar bairos guda lambobi ne dubbai, wurin zaman kowace ƙwayar zarra, ba mujallar da za ta iya buga su. A ina za a ajiye, kuma yaya wani zai nemo? Margaret Dayhoff ta fara tattara jerin furotin da aka sani cikin littafi a 1965. A 1971 aka buɗe rumbun ajiyar siffofin furotin a ɗakin bincike na Brookhaven a Amurka da siffofi bakwai tak. Yau sun haura 200,000, kuma kyauta ne ga duk mai intanet. An kafa GenBank na jerin haruffan gado a 1982, a 1990 kuma aka fito da BLAST, manhajar da za ka ba ta jerin haruffa ta lalubo maka danginsu cikin miliyoyi. Masu wannan aiki ba a cika yi musu kirari ba, amma rumbun da ba a iya ɗebo hatsi daga cikinsa, da shi da babu duk ɗaya.

An ga amfaninsa a 2020. A watan Janairu masu bincike daga Chana suka saki jerin haruffan sabon bairos ɗin korona a intanet. Nan take bincike a rumbunan ya nuna danginsa, wato SARS na 2003 da wasu na jemagu. Cikin watan Fabrairu tawagar Jason McLellan a Jami'ar Texas ta wallafa siffar ƙayar da bairos ɗin ke kama tantanin mutum da ita, ta hanyar daskarar da samfurin cikin tsananin sanyi a ɗauke shi da madubin ilektiron, dabarar da ta samo tushe daga aikin da Klug da David DeRosier suka yi a 1968 na haɗa hotuna shimfiɗaɗɗu su ba da cikakkiyar siffa. Sun yi saurin ne don sun riga sun yi shekaru a kan ƙayar MERS, wani bairos na dangin korona, sun san wurare biyu da idan aka sauya, ƙayar za ta tsaya cak a siffar da garkuwar jiki ke bukatar gani. Wannan sauyi yana cikin rigakafin Moderna da na Pfizer. Abin da ya ci wa bairos ɗin taba ƙarni guda, a nan makonni ya ci.

Sai dai kada a ɗauka sanin siffa shi ne magani. An kori shan inna na daji daga Afirka, aka yi shelar hakan a watan Agusta na 2020 bayan shekara huɗu da ganin na ƙarshe a Borno, da rigakafin da Salk da Sabin suka haɗa tun kafin a san wurin zaman ƙwayar zarra ko ɗaya a jikinsa. Ƙafafun masu bi gida-gida ne suka yi wannan aiki. Manoman gyaɗa da suka ga abin da ciwon tsumburewa ya yi wa gonakin Arewa a 1975, wanda shi ma bairos ne da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, irin da ke jure ciwon da shuka da wuri ne suka taimake su.

Shi ma bairos ɗin taba har yau ba shi da magani idan ya shiga shuka. Wannan rigar da Franklin ta auna ta yi ƙarfin da yake iya shekaru a busasshen ganye bai mutu ba, har a cikin tabar da aka sarrafa aka naɗe. Yana kama tumatir, yana kama barkono da tattasai, kuma ba ƙwaro yake jira ya kai shi ba, hannun mutum da wuƙarsa sun ishe shi. Shi ya sa malaman gona a ƙasashe da dama suke hana mashaya taba taɓa dashen tumatir sai sun wanke hannu da sabulu, suke cewa a tuge shukar da ta kamu a fitar da ita daga gona, a kuma nemi irin da aka san yana jurewa. A gidajen rainon dashe kuwa akwai wata tsohuwar dabara da har yanzu ake koyarwa: kafin ma'aikaci ya tashi daga wannan layi zuwa wancan, ya tsoma hannunsa da wuƙarsa cikin madara.